Yadda Ake Sa Dokokin Wasan Almara Na Kan Tebur Su Yi Kama Da Zahiri Ba Tare Da An Kashe Wasan Ba

A bugun Dungeons & Dragons na 2014, duk wanda ya faɗo daga sama ana jefa masa dais mai fuska shida guda ɗaya a kan kowace ƙafa 10 da ya faɗo, kuma komai nisan wurin ba a wuce dais 20. Idan aka jefa dais 20 ɗin nan, jimillarsu takan tsaya a kewayen 70. To mayaƙin da ya kai mataki na 10 na ƙwarewa, mai ɗan ƙarfin jiki, makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai jure kafin ya faɗi, wajen 84 ne. Ke nan zai iya dirowa daga ƙololuwar dutse, ya miƙe ya karkaɗe ƙura ya kama gabansa. Talakan gari kuwa makin ransa a littafin 4 ne kacal, faɗowa daga kan katanga ma tana iya gamawa da shi. Duk teburin da aka daɗe ana wasa a kansa, wata rana sai wani ya ɗaga kai ya ce ai wannan ba zai yiwu ba, daga nan kuma gyaran doka ke farawa.

Ga wanda bai saba ba, wasan na mutum huɗu ne ko biyar a gefen tebur, kowa da jaruminsa rubuce a takarda, sai jagoran wasa da ke bayyana musu duniyar da suke ciki, ta takubba da dodanni da matsafa. Inda aka yi shakkar ko abu zai yiwu, dais ke raba gardama. Ba a zuba kuɗi, ba a cin kowa. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma ba a jima ba ƙorafin rashin kama da zahiri ya haifi wasu wasannin: Chivalry & Sorcery a 1977, RuneQuest a 1978, littafin farko na Rolemaster a 1980, sai GURPS da HârnMaster a 1986. Kowannensu ya magance wani abu, kowannensu kuma ya biya farashi. Wanda zai gyara dokar teburinsa ya kamata ya san farashin nan tun kafin ya taɓa komai.

Mataki na farko: ka auna lokaci

Kafin ka ƙara doka ko ɗaya, ka ajiye agogo a gefenka ka auna faɗa ɗaya da dokokin da kuke amfani da su yanzu. A ce 'yan wasa biyar ne, abokan gaba shida. Kowane zagaye motsi 11 ke nan. Idan kowane motsi jifa biyu ne, na kai hari da na yawan ɓarna, zai ci kamar minti ɗaya, faɗa mai zagaye biyar ya tashi minti 55. Ka ƙara jifar karewa da jifar gaɓar da sara ya samu, motsi ya koma minti biyu, faɗan ya zama minti 110. A zaman awa uku, ka ba da fiye da rabin daren ga abin da a cikin labarin bai wuce daƙiƙa 30 ba, tunda zagaye ɗaya a bugun 2014 daƙiƙa shida ne. Wannan lambar da ka auna ita ce jarinka. Kowace sabuwar doka daga cikinta za a cire.

Mataki na biyu: ka zaɓi wuri biyu ko uku, ka bar sauran

Ka tambayi 'yan wasanka abin da ke cizon su. Galibi amsar ba ta wuce huɗu: rauni ba ya jin kamar rauni, sulke ba ya aiki kamar sulke, mutum yana ɗaukar kayan da jaki ma zai durƙushe, tafiyar wata guda kuma tana wucewa kamar ƙiftawar ido. Kowace doka da ka yi niyyar ƙarawa, ka gwada ta da tambaya ɗaya: shin za ta sa ɗan wasa ya sauya shawara? Dokar da ta sa ya tsaya yana tunanin ko ya ɗauki salkar ruwa ko jakar zinariya ta cancanci wurinta. Dokar da aikinta kawai ta sa ya ƙara lissafi, sannan ya yi abin da dama zai yi, ka yar da ita komai kyawunta a takarda.

Mataki na uku: ka fahimci dais ɗin da ke hannunka

Dais mai fuska 20 ba ya son kai: kowace lamba kashi 5 cikin 100 take da shi, 1 da 10 da 20 duk ɗaya. A faɗa hakan yana da daɗi, domin faɗa dama rikici ne. A wajen gwaninta kuwa yana haifar da abin mamaki. Ka sa ƙato mai ƙarfi 18 ya gwada ƙwanji da siriri mai ƙarfi 8. Na farko ana ƙara masa 4, na biyu ana rage masa 1. Idan kowa ya jefa nasa, siririn zai yi nasara sau 105 cikin 400, wato fiye da sau ɗaya cikin huɗu. Ba wanda ya taɓa kallon kokawa da zai yarda da wannan.

GURPS ya bi wata hanya, dais uku masu fuska shida, ana so jimilla ta zo daidai da gwanintarka ko ƙasa da ita. Hanyoyin da dais ukun za su faɗi 216 ne. Lamba 10 tana da 27 daga ciki, 11 ma haka, amma 3 da 18 hanya ɗai-ɗai suke da ita. Sakamakon haka mai gwaninta 10 yana cin nasara rabin lokaci, mai 12 kusan kashi 74, mai 14 kusan kashi 91. Gwani yakan yi aikinsa daidai, ɗan koyo yakan yi tuntuɓe, kamar yadda muka sani a maƙera ko a ɗinki.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauke dais mai fuska 20 a dasa dais uku a wurinsa, a bar sauran lambobin littafi yadda suke. Aikin da ke buƙatar 15 ko sama, da can kashi 30 ne, yanzu ya koma hanya 20 cikin 216, kusan kashi 9. Abokin gaba mai kariya mai yawa ya zama ba ya taɓuwa, ƙarin maki 1 kuma da da can kashi 5 ne ko'ina, a tsakiya ya zama kashi 12 da rabi. Mafi sauƙi shi ne ka bar dais mai fuska 20 a faɗa, ka yi amfani da dais uku a gwaninta kawai, kana rage lambar wahala da kamar 2 ko 3 a ayyuka masu tsanani. Inda tazarar ƙarfi ta kai maki 5 kuma ba wata dabara a ciki, kada ma ka sa a jefa, ka ce ƙaton ya kayar.

Mataki na huɗu: sulke da rauni

Nan ne aiki yake, nan ne kuma aka fi ɓata wasa. A Dungeons & Dragons sulke yana sa ya yi wuya a same ka, amma idan an same ka, ɓarnar duka za ta shiga. A RuneQuest da GURPS sulke yana shanye wani kaso na saran ne, abin da ya rage ya isa jiki. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, kuma ba mamaki, domin Steve Perrin da ya jagoranci rubuta RuneQuest yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya a Kalifoniya da ke saka sulke suna gwada faɗan da da makaman katako.

Idan za ka koma wannan tsari, ga lambobin farawa: rigar fata ko lifidi ya shanye 1, sulken zobba irin wanda ake gani jikin mahaya ranar hawan salla ya shanye 3, sulken farantan ƙarfe na Turai ya shanye 5. Yanzu ka yi lissafi kafin ka kai tebur. Takobi mai dais na fuska takwas yana yin ɓarnar 4 da rabi a tsaka-tsaki. A kan sulken zobba, lambobi 1 zuwa 3 sun tashi a banza, sauran su ba da 1 zuwa 5, tsaka-tsakin ya faɗo ƙasa da 2. A kan faranti bai kai 1 ba. Wuƙa mai dais na fuska huɗu kuwa, idan ba ƙarin ƙarfi, ba za ta taɓa huda faranti ba har abada. Daga nan matsala biyu ke fitowa. Ta farko, faɗa ya ninka tsawonsa fiye da sau biyu. Maganinta shi ne ka cire sulke daga lissafin wahalar samu, ka bar zafin nama da garkuwa kawai, domin ba a biyan sulke lada biyu. Idan har yanzu faɗa yana ja, ka rage makin ran kowa da rabi. Ta biyu, mai wuƙa ya zama ɗan kallo. Maganinta yana cikin tarihi: mayaƙan Turai masu faranti ana kayar da su ƙasa ne, a nemi hammata ko ramin ido na kwalkwali a soka. Sai ka rubuta cewa wanda aka danne ko aka riƙe, sulkensa rabi kawai yake shanyewa daga wuƙa. Ka ga doka ɗaya ta ba mai wuƙa aikin yi, ta kuma sa mai faranti ya ji tsoron a kewaye shi.

Sai batun gaɓar da sara ya samu. RuneQuest yana jefa dais na dabam don wannan, kowace gaɓa da makinta da sulkenta. Yana da kyau, amma jifa ce ta ƙari a kowane hari. Warhammer Fantasy Roleplay, wanda ya fito a Ingila a 1986, ya yi dabara mai rahusa: ana jefa lamba daga 1 zuwa 100 don hari, sai a juya lambobin a karanta gaɓa, 27 ta koma 72. Jifa ɗaya, amsa biyu. A tebur mai dais na fuska 20, shawarar da ta fi dacewa ita ce kada ka nemi gaɓa a kowane sara. Ka bar makin rai a matsayin juriya da sa'a da iya kaucewa, yadda Gygax da kansa ya fassara shi a littafin jagora na 1979. Rauni na gaske sai makin ya ƙare. A lokacin ka jefa dais mai fuska shida: 1 ko 2 ƙafa ce, saurin tafiya ya ragu da rabi, 3 ko 4 hannu ne, abin da ke riƙe ya faɗi, hannun ba ya amfani, 5 ciki ne ko ƙirji, jini na zuba, idan ba a ɗaure ba cikin zagaye uku ya mutu, 6 kai ne, ya suma. Kowane rauni mako guda na jinya, rauni uku a jiki ɗaya ajali.

Ka kiyayi abu uku a nan. Idan kowane ƙaramin rauni yana rage maki a jifa, wanda aka fara samu zai riƙa kuskure, a ƙara samun sa, ya ƙara lalacewa, faɗan ya ƙare tun zagayen farko sai dai a yi ta jan sa. Ka tsayar da ragin a maki 2, ko ka ce sai bayan faɗa jiki ke yin tsami. Na biyu, jadawalin mugun sara irin na Rolemaster, mai karya ƙashi da cire ido, ya fi cutar da 'yan wasa fiye da dodanni. Dodo faɗa ɗaya yake yi ya mutu, jarumi kuwa kullum yana fili. Idan ana kai masa hari 20 a zama ɗaya, damar a samu lamba 20, wadda ke kawo mugun sara, aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 64, cikin wata biyu kowa a teburin ya nakasa. Na uku, dokar da ta ce wanda ya jefa 1 takobinsa ya suɓuce. Ɗan koyo mai hari ɗaya a zagaye kashi 5 ne zai same shi, gwani mai hari uku kashi 14. Ka ga an wayi gari ƙwarewa ta zama abin da ke jefar da takobi. Idan dole sai an yi dokar, a taƙaita ta ga harin farko na zagaye.

Batun faɗowa da aka fara da shi ma nan maganinsa yake. Ka riƙa tara dais ɗin: ƙafa 10 na farko dais ɗaya, na biyu dais biyu, na uku uku, ƙafa 50 ta tashi dais 15. Daga ƙafa 30 zuwa sama kuma a jefa dais ɗin rauni ko da makin rai bai ƙare ba, domin sa'a da iya kaucewa ba sa hana ƙasa karya ƙafa.

Mataki na biyar: ka sa abokan gaba su ji tsoro

Wannan ce doka mafi arha, ita ce kuma ta fi kawo kama da zahiri. 'Yan fashi ba sa tsayawa sai an kashe na ƙarshensu. Bugun Dungeons & Dragons da Tom Moldvay ya shirya a 1981 ya ba kowane abokin gaba makin ƙarfin zuciya daga 2 zuwa 12. Ana jefa dais biyu masu fuska shida lokacin da na farkonsu ya faɗi, da lokacin da rabinsu suka faɗi. Idan jimilla ta haura makin, su gudu ko su miƙa wuya. Mai maki 7 zai tsere sau 15 cikin 36, mai maki 9 sau 6 cikin 36. Jifa biyu kacal a faɗa gaba ɗaya, ga shi tana gajarta faɗan, ta dawo maka da lokacin da sulke ya cinye.

Mataki na shida: kaya, ruwa da haske

Bugun 2014 ya ce mutum yana ɗaukar ƙarfinsa sau 15 a ma'aunin fam. Mai ƙarfi 15 ke nan zai yi yawo da fam 225, sama da kilo 100, buhun siminti biyu a gadon baya, yana gudu yana faɗa. Littafin yana da wata doka ta zaɓi da ke rage sauri daga ƙarfi sau 5, wato kilo 34 ga wannan mutumin, kuma ta fi hankali. Matsalarta ita ce ba wanda ke son tara fam-fam a tsakiyar wasa, bayan zama biyu kowa ya daina. Abin da ke ɗorewa shi ne gurabe. Ka zana wa kowa layuka a takardarsa daidai da lambar ƙarfinsa. Takobi gurbi ɗaya (takobin gaske kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, ba nauyin da ake zato ba), garkuwa ɗaya, baka da kwari biyu, sulken zobba uku, faranti biyar tunda yakan kai kilo 20 zuwa 25, guzurin kwana uku gurbi ɗaya, salkar ruwa ɗaya, tsabar kuɗi 250 ɗaya. Wanda layukansa suka cika, sai ya ajiye wani abu kafin ya ɗauki wani. A lissafin littafin tsaba 50 fam ɗaya ce, don haka taskar zinariya 5,000 kilo 45 ce. Fitar da ita daga kogo ya zama aikin da sai an zauna an yi shawara, a nemo jaki ko a binne rabi.

Ruwa ne ke mayar da tafiya tafiya. Littafin ya ce galan ɗaya a rana, biyu a lokacin zafi, galan kuwa kusan lita 3.8 ne, lita ɗaya kilo ɗaya. Mutum biyar cikin zafi kilo 38 suke sha kullum, tafiyar kwana goma kilo 380, ba a sa na dawakai ba, alhali doki ɗaya yana shan abin da ya fi na mutum uku. Ba ayarin da zai ɗauki wannan a ka. Saboda haka kada ka sa 'yan wasa ƙidayar lita; ka zana rijiyoyi a taswira. Tafiyar yini a littafin mil 24 ce, kusan kilomita 38. Ka sa rijiya ɗaya a zango na biyu, wata a na biyar, gajeriyar hanya kuma ta bi inda ba ruwa kwana huɗu. Ka bar su su zaɓa, su nemi madugu, su ji labarin cewa rijiya ta biyun wasu sun tare ta.

A cikin kogo, tsofaffin bugu suna raba lokaci minti goma-goma. Wutar yula tana ci shida daga ciki, wato awa ɗaya, kuma bayan kowane biyu jagora yana jefa dais, idan 1 ta fito wani abu ya biyo sawu. Ka zana akwatuna shida a gabanka kana soke ɗaya duk lokacin da suka bincike ɗaki ko suka tsaya gardama a bakin ƙofa.

Mataki na bakwai: ka duba abin da sihiri ke rushewa

Ba a neman sihirin almara ya yi kama da zahiri, ana neman ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya kuma duniya ta nuna alamarsa. Kafin ka yi wahalar rijiyoyi, ka buɗe jerin sihiri mafi ƙanƙanta a littafin wasan. A bugun 2014 akwai wanda ke samar da ruwa galan 10, akwai wanda ke ba da 'ya'yan itace goma kowanne ya ƙosar da mutum yini guda, barcin awa takwas kuma yana mayar da makin rai duka. Waɗannan uku sun isa su shafe mataki na huɗu da na shida. Ko dai ka cire su tun farko da sanin kowa, ko ka sa musu tsada, misali 'ya'yan itacen su buƙaci wani ganye da ke ƙarewa duk lokacin da aka yi. Littafin jagora na wannan bugun yana da dokar zaɓi da ta mayar da gajeren hutu awa takwas, dogon hutu kwana bakwai. Ita ce ta fi dacewa da jinyar mako guda da aka ambata. Sannan ka bi sawun abin har cikin gari: idan a duniyarka akwai masu tashi sama, ganuwa kaɗai ba ta tsare birni, dole a ga maharba a kan soraye.

Mataki na takwas: gwaji

Ka rubuta dokokinka duka a shafi ɗaya. Abin da bai shiga shafin ba ya yi yawa. Ka zauna kai kaɗai ka buga faɗa iri ɗaya sau goma, jarumai biyu da 'yan fashi huɗu, kana rubuta zagaye nawa ya ci, wa ya faɗi, minti nawa agogo ya nuna. Idan jarumi yana mutuwa fiye da sau biyu cikin goma a faɗan da ka ɗauka mai sauƙi ne, ka sassauta rauni. Idan faɗa ya haura zagaye shida, ka rage abin da sulke ke shanyewa da maki 1. Daga nan ka kai doka ɗaya tebur, ka sanar da ita kafin a fara zama, kada a tsakiyar faɗa, ka kuma bar wanda ta taɓa jaruminsa ya sake zaɓen makami ko sulke kyauta. A yi zama uku da ita. A ƙarshen na uku ka duba abu biyu: ko an manta da ita ba wanda ya tuna, da ko wani ya taɓa sauya shawara saboda ita. Wadda aka manta, ka soke ta daga shafin, sannan ka kawo ta gaba.